Baba Albert Zai Tafi Aiki

Gwamnati ta sallami Baba Albert daga aiki tun 'yarsa Celina tana budurwa, amma shi wannan labari ya ɓace masa. Abubuwa da dama sun ɓace masa a 'yan shekarun nan, sunayen jikokinsa, da hanyar bayan gida, har da rasuwar matarsa, wadda yakan tambaya ko ta dawo daga kasuwa. Abu guda ne ya tsaya daram a kansa, wato da safe mutum yakan tafi aiki. Saboda haka gari na wayewa sai ya saka tsohon kakinsa, ya ɗauki bokitin ƙarfe, ya ce a buɗe masa ƙofa zai tafi Lambun Marmaro.

Maƙwabta suna ganin abin tausayi ne. Celina kuwa rahama ta ɗauke shi. Tana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kamazou, irin wadda mai ita yake tsayawa a bakin get da agogo a hannu. Mijinta George direban tanka ne, ganinsa sai an yi sa'a. Yayanta Monday yana Fatakwal, kuma ba abin da yake aikowa da yawa kamar shawara. Shi ne ya ce ta riƙa kulle tsohon a ɗaki idan za ta fita, ai abu ne mai sauƙi. Daga Fatakwal komai mai sauƙi ne. Celina ta ce masa ubansu ba akuya ba ne, kuma muddin tana numfashi ba za ta saka masa kwaɗo ba. Lambun ne ya sa ta iya cika wannan baki. Yana bayan layinsu a Mahuta, ba sai an tsallaka titi ba. Takan raka Baba har get, ta danƙa shi a hannun mai gadi tare da kular abinci, in an tashi makaranta ta biyo ta ɗauke shi.

Mai gadin, Malam Zakariyya'u, mutumin Makera ne, tsohon ma'aikacin masaƙa da ya koma gadi bayan an rufe ta. Kullum sai ya miƙe ya sara wa Baba, ya ce, "Oga, an fito?" Shi kuma Baba ya duba wuyan hannunsa inda babu agogo, ya yi masa faɗan bai share bakin get ba.

Lambun ba wani abin a zo a gani ba ne a lokacin. Akwai lilo guda biyu, ɗaya ya tsinke. Akwai kujerun siminti a ƙarƙashin itatuwa, da rumfar kwano inda wata mata take sayar da lemo da gyaɗa, da bayan gida wanda sai mai ƙarfin hali yake shiga. An taɓa ajiye jimina da birai, amma abin da ya rage shi ne wani tsohon kunkuru da ba wanda ya san abin da yake ci. Sai dai akwai inuwa, kuma akwai ruwa. Daga gindin dutse marmaro uku suke fitowa, babba ɗaya da ƙanana biyu, su haɗu su gangara cikin ciyawa. Ƙananan sukan ja baya da bazara, babban kuwa ba a taɓa ganin ya ƙafe ba.

Duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da Baba sai ya sha tarihi. Zai gaya maka lokacin da wurin yake daji, matan Gbagyi suna zuwa ɗiban ruwa da kaya a kafaɗa, makiyaya suna shayar da shanu a ƙasa. Zai gaya maka yadda aka kafa matatar mai, gidaje suka fara cin daji, har hukuma ta ga in ba a kewaye wurin ba wata rana za a wayi gari wani ya yi ginin haya a kan ruwan. A lokacin ne aka kawo shi daga Zonkwa yana saurayi, leburan gandun daji, aka ba su irin madaci da malaina da dogon yaro suka dasa. Wannan duk yana kansa tsaf, har da sunan wanda ya sare ƙafarsa da gatari. Abin da ya ci da safe ne ba zai iya gaya maka ba. In ya gama sai ya sauka ya ɗebo ruwa a babban marmaro, ya je ya zuba a gindin madacin da mutum biyu ba za su iya rungumewa ba, wai kada dashen ya mutu.

Haka aka yi ta tafiya har aka ba wani kamfani hayar lambun. Gaskiya sun yi aiki. Sun gyara lilo, sun ƙaro wasu, sun kawo gidan balan-balan na yara, sun gina wurin biki da wurin gasa kifi, bayan gida ya zama na mutane. Aka yi fenti, aka kafa ɗakin sayar da tikiti. Matakalar dutsen da ake sauka zuwa marmaro kuma aka lulluɓe ta da tayil mai sheƙi, saboda masu ɗaukar hoton kafin aure. Ƙafar Baba ta san tsohon dutsen nan ko da ido rufe, amma ba ta san tayil ba. Wata rana yana hawowa da bokiti cike santsi ya kwashe shi, goshinsa ya fashe. Malam Zakariyya'u ne ya goya shi zuwa kemis, da jini har cikin rigarsa.

Ciwon bai yi zurfi ba. Da aka cire bandeji Celina ta rako shi kamar kullum, sai ta ga mai gadin bai sara ba, yana ta kallon ƙasa. Ya ja ta gefe ya gaya mata manaja ta ce kada a sake barin tsohon ya shiga.

Celina ta bar Baba a kan bencin mai gadi ta nufi ofis da faɗa a bakinta. Ta shirya za ta tarar da wata mai girman kai, sai ta tarar da Hajiya Safiya, mace mai kumburarrun idanu, ta cire takalmi ɗaya tana matsa ƙafa. Ta saurari Celina har ƙarshe ba ta katse ta ba. Celina ta faɗi shekarun da Baba ya yi a wurin, ta nuna itatuwan ta taga, ta ce ko inuwar da motar Hajiya take ciki shi ya dasa ta. Hajiya ta ce ta sani, kuma ita ma tana da uwa a kwance a Tudun Wada wadda sai an juya ta.

"Amma ki gaya mini, Malama," in ji ta, "ran da ya faɗi bai tashi ba, wa za a kama? Ni ce. Kuma yayyenki da ba su zuwa, ran nan za su zo da lauya."

Celina kuwa ta san Monday sarai, zai aikata.

Hajiya ta ce in wani daga gida zai zauna da shi, ya shigo kyauta kowace rana, ba ta hana ba. Celina ta yi dariyar da ba ta da daɗi, ta tambaya ko wane ne wannan wanin. Ta roƙa a bar shi ya zauna a bakin get kawai. Hajiya ta tambaye ta ko yana zama, ita kuwa ba ta iya yin ƙarya ba. Ta fito ba ta da wanda za ta ji haushi, kuma wannan ya fi komai gajiyar da ita.

Malam Zakariyya'u ne ya yi dabara. Ya gyara tsayuwa ya sara wa Baba, ya sanar da shi cewa daga sama an ba shi hutu saboda ciwon da ya ji. Baba ya ji daɗi ƙwarai, ya ce dama ya daɗe bai je Zonkwa ba, ya bar wa mai gadin sallahun a kula da dashe. Ya bi Celina gida ba gardama. Hutun ya ƙare masa kafin la'asar. Washegari da sassafe ga shi cikin kaki da bokiti.

Mako guda Celina tana kai da kawowa. Ta ɗauki uzuri a makaranta har mai makarantar ya fara amsa gaisuwarta da hanci. Ta gwada barin sa wajen maƙwabciya mai shagon ɗinki, ya kwashe mata ruwan randa ya zuba a gindin falwayar lantarki. Ta gwada ba shi tukwanen fulawa a tsakar gida, ya dube su ya dube ta, ya ce shi ba yaro ba ne. Ta kira George, ya ce yana layin lodi, ta yi haƙuri. Ta kira Monday, ya ce ai ya faɗa tun farko.

Ranar da abin ya kai maƙura, maƙwabciyar ta shiga wanka ne kawai. Baba ya fice ya isa lambun shi kaɗai. Aka yi rashin sa'a an mayar da Malam Zakariyya'u wurin ajiye motoci, an saka wasu samari masu inifom a get, waɗanda ba su san shi ba. Suka nemi tikiti, ya ce su kira masa shugabansu, suka ce, "Baba, abeg, matsa gefe." Sai ya bi jikin katanga yana neman wata ƙofa. Katanga ta ƙare bai tsaya ba. Wani ɗan acaɓa da ya san shi ne ya hango shi a tsakiyar babban titin da tankoki suke bi, yana ɗaga wa motoci bokiti su dakata. Ya ɗauko shi ya kawo makaranta, ana tsakiyar darasi, takalminsa ɗaya babu.

Celina ba ta yi kuka ba. Ta wanke masa ƙafa a famfon makaranta yara suna leƙe, ta ji mai makarantar yana gaya mata cikin ladabi cewa ita ma ta san nan ba asibiti ba ne, ta zaɓa. A hanyar gida ta tsayar da mai keke napep a bakin wani shagon kayan gini, ta shiga ta fito. Baba ya tambaye ta me ta saya, ta ce ba komai.

Da safe, Talata ce, ta same shi a falo ya riga ya shirya. Ya saka kakin a bai-bai, yana tsaye a bakin ƙofa da bokiti, yana cewa ta yi sauri rana tana yi, dashe ba ya jira. Ta kawar da wuƙaƙe da ashana, ta kashe gas daga tukunya, ta ajiye masa abinci da ruwa a kan tebur, da bokitin fitsari a lungu. Duk wannan ta yi shi ba tare da ta dube shi ba. Abin da ta kasa shi ne ta fita ta bar shi yana dukan ƙofa. Ta san zai doka, kuma ta san duk layin za su ji.

Ta tsaya da jakarta a kafaɗa, ta gaji har cikin ƙashi. Sai ta ji bakinta ya ce, "Baba, ina za ka? Yau fa Lahadi ce."

Ya juyo ya dube ta. "Lahadi?"

"Lahadi. Ba aiki."

Ya ajiye bokitin a hankali, ya yi dariya, ya ce lalle tsufa ya fara kama shi, saura kaɗan ya je ya ba Zakari abin faɗa. Ya ce to ta ɗauko masa kwat ɗinsa na zuwa coci. Ta ɗauko baƙin kwat ɗin daga ƙasan akwati, ta cire masa kakin, ta saka masa farar riga, ta ɓalla masa maɓallai har wuya. Ya sa ta goge masa takalmi. Ya nemi littafin waƙoƙinsa, ta miƙa masa. Ya zauna a kujerar da take kallon ƙofa, ya ɗora littafin a cinya, ya miƙe baya kamar mai jiran a ɗauke shi hoto.

"Je ki shirya," in ji shi. "Ina nan ina jira. Kada mu tarar an fara."

Ta ce to, Baba. Ta fita ta ja ƙofar, ta zura kwaɗon da ta sayo jiya, ta rufe shi da tafin hannunta duka biyu don kada ya ji ƙarar. A waje yara masu inifom suna ta wucewa, masu keke suna hon. Ta tsaya ta kasa kunne. Ba duka, ba kira. Can sai ta ji ya fara rera waƙar shiga sujada a hankali, yana gyara murya, yana jiran ta.

Ta saka mabuɗin a jaka ta kama hanya. Ba ta kai bakin titi ba ta gane cewa dabarar ta yi, kuma tun da ta yi, gobe ma Lahadi ce.