Linzamin Zaituna

Ina bakin murhun banda, tarwaɗa a hannuna, sai na ji muryar surukina daga gindin darbejiya, inda ya zazzage zabirarsa yana wasa aska.

"Misbahu, in an gama yankan shinkafa ka kawo mini 'yar nan. Linzaminta ya sake kamawa."

Tarwaɗar ta suɓuce mini ta faɗa toka.

Zaituna ce 'yar nan, 'yata, shekararta biyar. An haife ta da wata siririyar fata da ta ɗaure harshenta da ƙasan baki, abin da muke kira linzami. Kakanta wanzami ne na gado, rabin mutanen unguwarmu a Auyo shi ya yi musu askin suna. Ya yanka mata ranar suna, ya sake tana shekara biyu. A na biyun jini ya wuni yana zuba, ta yi mako ba ta haɗiyi tuwo ba. Wurin ya warke da tabo mai kauri, harshen ya ƙara ɗaurewa. Ruwa sai ta ce "yuwa", yaran makarantar allo suka dinga kwaikwayonta har ta koma nuna abu da yatsa.

Ni kuwa Suwaiba, duk kasuwar kifi an san bakina. Na taɓa sa dillali ya gudu ya bar takalminsa. Amma gaban suruki? Ko sunansa ba na faɗa. Tsugunawa nake, kai a ƙasa, in ce "to, Baba."

Na tari mijina Misbahu a zaure.

"Malam, karo na uku fa ke nan."

"Ke ma kin san Baba. Ni in ce masa askarsa ba ta yi ba? Ki rufa mini asiri." Ya saɓa tarunsa ya nufi fadama kamar ana kiransa.

Allah ya taimake ni, yayata ta haihu a Haɗeja. Na roƙi mako biyu in je taya ta wankan jego, na ɗora Zaituna a bayan ɗan acaba, mu da kwandon kifi.

* * *

Washegari na kai Zaituna asibiti a ɓoye. Asibitin ma dariya ya ba ni. Na ce harshe na kawo, mai yankar kati ya ce in tafi sashen haƙori.

"Haƙoranta lafiya lau, ɗan nan! Jiya ta fasa goruba."

"Hajiya, can ɗin dai za ki."

Likitar wata Babarbariya ce, Fanna, doguwa mai fara'a. Ta haska bakin da fitila, sai fara'ar ta ragu.

"Wa ya taɓa nan?"

"Kakanta."

"Sau nawa?"

Na ɗaga yatsu biyu.

"Yaya Suwaiba, akwai jijiyar jini dab da wurin. Allah ne ya tsare miki ita. Ba kowane yaro ne ma yake buƙatar yanka ba, sai an duba. Kuma aska ɗaya a bakin yara goma, ciwon wannan sai ya koma wa wancan."

Ta shafa magani, ta yi 'yar allura, wurin ya mutu. Ni na runtse ido ina salati, Zaituna kuwa tana kallon fanka. Ban kai ƙarshen addu'ata ba likita ta ce an gama. Ɗinki biyu, jinin da ya fita bai cika cokali ba. Na ji haushi, wallahi, da na tuna makon nan da na yi ina ɗura mata kunu tana kuka.

"Magana ba yau za ta zo ba," in ji likita. "Ki ɗiga mata zuma a leɓen sama safe da yamma, ta miƙa harshe ta lasa, don kada ya sake kamawa."

To fa! An samu magani mai daɗi. Yarinyar da ba ta magana ta koma bin ni da kwalba. Rana ta tara harshen ya taɓa zumar. Rana ta goma sha biyu ina wanki ta tsaya a kaina ta ce, "Inna, ruwa." Ras, kamar ta shekara tana faɗa. Na zauna a cikin kumfa ina kuka, yayata tana rangaɗa guɗa da jariri a kafaɗa.

* * *

Da muka koma an tattara shinkafa. Baba ya shimfiɗa buzunsa ya kira Zaituna. Na tsuguna daga nesa.

"Buɗe baki, amaryata."

Zaituna ta zaro masa harshe har haɓa, ta karkaɗa shi, ta ce, "Rowa gare ka, tsoho, ba ka ba ni rake ba!"

Gida ya kwashe da dariya. Misbahu har da riƙe ciki. Baba ya leƙa ƙarƙashin harshen, ya daɗe yana dubawa, sannan ya shafa gemu.

"Kun gani? Yankan da na yi mata shekara uku da suka wuce ne ya nuna. Askar gidanmu ba ta gaggawa."

"Allah ya ƙara girma, Baba," in ji mijina, yana satar kallona.

Maganar tana bakina, wallahi tana nan. Na ɗaga kai, na ga furfurarsa, na mai da shi ƙasa.

"To, Baba," na ce.

Kafin Juma'a labari ya zaga unguwa. Zaituna kuwa ta hana kowa sakat, ta yi wa akuya surutu, ta yi wa tukunya. Ranar Asabar ina juya kifi tana rera mini karatun allo, sai na hangi maƙwabciyata Mardiyya ta shigo da jaririnta na wata biyu a goye, ta durƙusa gindin darbejiya.

"Mun ga na Zaituna, Baba. Shi ma a taimaka masa."

Baba ya goge askar a gefen rigarsa, ya miƙa hannu.