Ana Sauraron Wannan Magana

...kuma babu muryar. Abin da na fara lura da shi ke nan, ba kai ba. Na kara wayar a kunne ina jiran matar nan ta cikin na'ura ta faɗi abin da ta saba — ana sauraron wannan magana, ana sauraron wannan magana — shiru. An ɗage dokar soja, an cire muryar. Ko dai masu sauraron suna nan, faɗa ne suka daina?

Sai numfashinka, Ludwik. Da warin kabeji daga kicin ɗin Pani Jadwiga, maƙwabciyarmu mai wayar. Ta leƙo da ludayi a hannu, wai angon nawa ya fito daga kurkuku, in yi in gama, waya ba gadon ubana ba ce.

Ango...

Kai ka tsara abin. A bakin masaƙa, cikin ƙanƙara, tankar soja na hayaƙi a mararraba, ka ce ba mai zargin saurayi da budurwa. Ina kewarki — wato takardun adawa da gwamnati sun fito daga injin bugawa, zo ki ɗauka. Na yi mafarkinki — kada ki zo, akwai ido. Na haddace. In shimfiɗa su a ƙasan kwando, in zuba dankali a kai, in ratsa birnin Lodz, in raba wa matan masaƙa a ban ɗaki. Tsoro? Kaɗan. Ni Talata nake jira, ranar kiranka.

Yanzu godiya kake yi mini. Miroslawa, ka ce, sunan duka, kamar malamin makaranta. A da Mirka kake ce mini. An ba ka fasfo, irin na fita ba dawowa. Kanada, ran Asabar. Wai can ma sanyi ne, ba za ka yi baƙunta ba. Na yi dariya a inda ya kamata.

A littattafan da nake arowa, a nan ne namiji ke yin shiru, sannan ya faɗa. Ga shirun. Igiyar wayar ta naɗe mini yatsa har ya yi fari. Ba wanda za mu yi wa wasa yau, ba inji, ba kwando. In ka faɗa yanzu, taka ce. In ba ka faɗa ba...

Kana maganar takalmi. Ko na san inda ake samun na ƙanƙara ba da layi ba?

To ni in faɗa. Me zai ci ni?

"Ina kewarka, Ludwik."

Dariya. Mai daɗi, har da tari — tarin ɗakin kurkuku ne wannan, da ba ka da shi.

"Kai, Mirka, ba ki mantuwa. Ai injin sun kwashe tun tuni."

Haka ne. Sun kwashe.

Shi nake tunawa yanzu, ban san dalili ba. Mai sauraron. Ban taɓa ganinsa ba. Wani mutum a wani ɗaki, abin ji a kunne, shayinsa ya huce. Kunyarsa nake ji in kana magana, fuskata ta yi zafi. Har tausayinsa na ji — ko shi akwai mai ce masa haka? Na ɗauka mun ruɗe shi.

Amma ai sun zo maka. Kai, da mai kawo tawada, da tsohon da ya ba da ɗakin ƙasa. Ni na haɗa 'yar jakata, da burodi da safa, na ajiye bayan ƙofa. Lokacin kaka ya wuce, sanyi ya wuce. Ko tambaya ba a kira ni ba. Na ce sa'a ce. Inna ta ce addu'arta ce.

Aikinsa ke nan, sauraron murya, safe da yamma. Ya ji taka, ya aiko aka tafi da kai. Ya ji tawa...

Ya ji tawa, ya gane ni ba wasa nake ba, ya ƙyale ni.

Kana ta halo, halo, ko layin ya yanke. Bai yanke ba. Hannuna ne ya gaji.