Hanyar Kaka Tormod

A gafarce ni, ban taɓa rubuta labari ba, karatun na wasu kawai na iya. Idan ya fito a karkace, laifina ne, ba na mutanen ciki ba.

Tun da ɓarin jikin Kaka Tormod ya shanye, magana ta bar bakinsa, sai sunayen wurare. In an ce ga shayi, ya ce Cnoc Buidhe, wato Tudu Rawaya. In an ce ina ke ciwo, ya ce Allt Ruadh, Jan Rafi. Jikarsa Seonag ce ke jinyarsa. Takan zauna gefen murhu da littafi a cinya, ba ta karantawa, ba ta kuma rufewa.

Ran Asabar 'ya'yansa biyu, Gwaggo Peigi da Baffa Ruairidh, suka zo yanke shawara: ya zauna a tsibirinsu, ko a haye da shi gidan kula da tsofaffi a birni. Gwaggo Peigi ta dafa dankali da kifi mai gishiri, babu wanda ya ci na kirki.

"Bai san inda yake ba," in ji ta. "Surutu kawai yake yi."

"To, Yaya, ke ma haka kike, wa ya kai ki birni?" in ji Baffa Ruairidh.

"Rufe min baki, mai ƙaton kai. Kai za ka riƙa ɗaga shi?"

Baffa ya koma kallon farantinsa.

Seonag ta ji muryarta ta fito, kamar ta wata. "Ba surutu ba ne, Gwaggo. A jere yake faɗa. Hanyar dawowa ce daga kiwo. Duk wanda ya tashi a nan, haka aka koya masa ta saboda hazo."

Gwaggo Peigi ta ajiye cokali. Ita ma haka aka koya mata.

"To ya bi sunayen ya dawo mu gani," in ji Baffa a hankali. "In ya iso gida, ya zauna."

Seonag ta durƙusa gaban kujerarsa. "Kaka, Cnoc Buidhe."

"Allt Ruadh," ya amsa. Sai Lag nan Caorach, Kwarin Tumaki, inda garke ke fakewa. Sai Bealach na Gaoithe, Ratsen Iska, inda kowa ke dafe hularsa. Hannunsa mai lafiya ya tafi kansa ya dafe. Baffa ya yi 'yar dariya, ya share hanci.

"Creag na Faire," in ji Kaka. Dutsen Tsinkaye ke nan, inda mata kan tsaya duban jiragen kamun kifi. Daga taga ana ganinsa. Bayansa babu wani suna, sai ƙofar gida.

Ya tsaya. Ya dubi Seonag, ya yi maganarsa ta farko tun kwanciyarsa.

"Daga nan sai ina, yarinya?"

"Sai gida, Kaka."

Ya dubi murhu, ya dubi bango, ya dubi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya.

"Gidan wa?"

Can Gwaggo Peigi ta fara tattara farantai, tana tambayar ranar da jirgi zai tashi. Baffa ya ce Talata, in teku ya kwanta. Seonag ta jira kuka ya zo mata, bai zo ba. Suna cikin maganar jakar da za a zuba kayansa, Seonag ta zare rigar ruwanta daga ƙusa, ta fita ta ƙofar baya.