Alwala a Gindin Ginshiƙi na Shida

Daga Gwandu zuwa Kalgo ba wata tafiya ba ce, amma sau uku Kyaftin Habibu yana tsayar da mota a hanya, wai duba taya yake. Taya lafiyarta ƙalau. Kunya ce ta hana shi sakat.

Shekara biyu ke nan da aka tura shi kwas da abokinsa Laftanar Sirajuddeen, dukansu injiniyoyin soja, can ƙuryar arewacin duniya inda ƙasa take daskare rani da damina. Ɗakin sojoji ake gwadawa, an ɗora shi bisa ginshiƙan ƙarfe don kada ɗuminsa ya sauka ya narkar da ƙasa. Kowane ginshiƙi da na'urar auna sanyi a gindinsa. Na shida, Sirajuddeen ne ya kafa shi da hannunsa.

To shi gogan naka Habibu ba ya iya alwala a banɗaki, haka ya taso tun a gidan ubansa. Sai ya riƙa cika buta da tafasasshen ruwa, ya sunkuya ƙarƙashin ɗakin inda iska ba ta kaiwa, ya zubar da rabi ya narkar da ƙanƙara don ya sami wurin tsugunnawa. Kullum haka, wata huɗu cur, a gindin na shida! Na'ura ta nuna ƙasa ta yi ɗumi, ginshiƙi ya ɗan nitse, aka ce kafawar ce ba ta yi ba. Habibu ya gane tun ranar, ya ja bakinsa ya yi gum. Shi ya sami ƙarin girma, Sirajuddeen ya dawo da mummunan rahoto a fayil.

Da Habibu ya isa Kalgo, a tsakar gida ya tarar da Hajjo, mahaifiyar Sirajuddeen, tana juya kifi a kan ragar waya.

"Maraba da ɗan albarka!" in ji ta. "Kai kaɗai ka riƙe shi tun da abin ga ya faru. Kowa ya gudu."

"Ina wuni, Inna," ya ce, idonsa a ƙasa. Wallahi da marinsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Suka koma zaure shi da abokinsa. Habibu ya yi zancen damina, ya yi zancen tsadar taki, har zance ya ƙare.

"Siraju, na shidan nan, ba kai ba ne. Ni ne."

Ya kwashe komai ya faɗa, har butar. Sirajuddeen bai katse shi ba.

"Ka san dare nawa na yi ina sake lissafin ramin ginshiƙin nan?" ya ce daga ƙarshe. "Har na yarda ban iya aikin ba, Habibu. Na rubuta takardar ajiye aiki, tana cikin akwati."

"Kar ka miƙa, don Allah. Gobe zan rubuta musu gaskiya."

"Rubuta."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Habibu ya miƙe, ya tsaya yana jiran a taka masa kamar yadda aka saba shekara goma sha biyu, amma Sirajuddeen bai ko motsa daga tabarma ba.

Habibu na buɗe mota sai ga Hajjo da ƙunshin busasshen kifi.

"Kai wa matarka Mufida, a yi wa yara miya. Allah ya ba ka mai yi maka yadda ka yi wa ɗana."

Habibu ya waiga zaure. Sirajuddeen na kallonsa, bai ce wa tsohuwar komai ba.

"Ba ka ce amin ba," in ji Hajjo.

Ya sa hannu biyu ya karɓi kifin.

"Amin, Inna."