Ranar da Na Tsaya wa Nusaiba a Gaban Malaman Lissafi

Ni Aisami na Gure, farin da ya ƙarar da shanun ƙasar Alakoss bai ƙarar da ni ba. Sanƙarau ya kwantar da ni, na tashi. Ban taɓa zama a bencin lakkwal, makarantar boko, ba, amma na shiga iniversite a Damagaram, har na yi magana a ciki.

Jikata Nusaiba lissafi take karantawa a can. Aka sa ranar da ɗalibai za su fito ɗaya bayan ɗaya su yi bayani a gaban malamai, wanda ya fi a tura shi Yamai ƙarin karatu. Yarinyar nan ba ta da burin da ya wuce wannan. Na bar garkata a kwari, na ɗaure dabino a leda, na hau mota.

Da ta gan ni ta ce, "Tsoho, wa ya gayyace ka?"

Na ce, "Mata tana fita fage miji yana gida?"

Da Faransanci ake yin komai. Wata ɗaliba, Yakura, ta zauna kusa da ni tana juya mini da Hausa. Wani yaro ya yi bayanin ƙulli, ko igiya bai riƙe ba. Sai Nusaiba ta fito. Wai abubuwan da ba su da iyaka ba ɗaya suke ba, wani ya fi wani yawa. Ta cika allo da rubutu.

Babban malaminsu, Mushe Husseini, wato Malam a bakin masu Faransanci, mai furfura kamar tawa, ya nuna wani layi ya ce bai yarda ba. Nusaiba ta sunkuyar da kai. Haka muka rene ta, yaro ba ya musu da babba. Yakura ta raɗa mini cewa idan ba ta amsa ba, ta faɗi.

A wajenmu, idan babba ya tuhumi yaro, babban gidansu ne ke amsa masa. Na miƙe, na gyara rawani.

"Malam, yarinyar nan ba ta ƙarya. Abin da ta rubuta, ni na tsaya mata."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Nusaiba ta juyo, idanunta jawur. Jika kuwa ba ta jin nauyin kakanta.

"Ka tsaya wa me, tsoho? Ko alif ba ka sani ba! Duba nan. Ka jera abubuwan nan marasa iyaka duka, ka rantse ba ka bar ko ɗaya ba, ni kuma in ƙera maka wani da ba ya cikin jerin. Ga shi!"

Tana faɗa tana buga allo, alli yana karyewa. Ta zarce da Faransanci, murya har waje, ni take kallo tana yi mini tsawa. Mushe Husseini ya ƙara tambaya, ta amsa ba ta ko juya ba. Ya gyaɗa kai, ya ce da Hausa, "Baba, zauna, ta isar wa kanta."

Ita aka zaɓa. A tasha ta karɓe dabinon, ta ce na kunyata ta, kada in kuskura in bi ta Yamai. Na riga na tambayi direba ranar da motar can take tashi.