Ranar da Baba Maharazu Ya Rufe Nama

Ni Lawwali ban taɓa ɓoye wa kowa ba: shekara goma sha biyu ina gasa nama a bakin tashar Zuru, kuma duk shekarun nan Baba Maharazu ne ya tsaya mini a maƙogwaro. Teburinsa na tsallaken titi, daidai saitin nawa. Wurin mahauci ɗaya muke ɗaukar nama, gawayinmu ɗaya, amma sai ka ga mutum ya sauko daga mota, ya wuce ni kamar turken lantarki, ya tsallaka ya bi layin tsoho. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ni kaina na san namansa ya fi nawa. Na taɓa aika direba a ɓoye ya sayo mini, na ci a bayan rumfa, na kwana ina tsaki.

Shi a buɗe yake gashinsa, kan waya, kamar kowa. Amma idonsa! Kallo ɗaya zai yi wa tsoka ya san sauran numfashi nawa a juya ta.

Neman hanyar da zan ɗara shi ne ya kai ni wurin Obiora mai walda, ɗan Ibo ne da shagonsa ke bayan tasha. Ya ce ya ga wani irin murhu a Fatakwal. Ya raba duro gida biyu a kwance, ya haɗa su ta baya yadda za a ɗaga a rufe kamar akwati, ya huda ƙofofin iska, ya sa waya a ciki. "Malam Lawwali," in ji shi, "wannan ko tsohon sa ka saka, zai fito kamar ɗan maraƙi." Sati uku ina fama da shi. Yau nama ya ƙone, gobe cikinsa jini. Direbobi suka raɗa masa suna akwatin Lawwali, har suna tambaya ko kayan lefe nake ajiyewa. Na ja shi bayan rumfa, kaji suka mai da shi wurin ƙwai.

To, a shekarar 2005 idon Baba ya fara tafiya. Yanar ido ce ta rufe shi a hankali, ga hayaƙin shekara talatin da ya sha. Ya ɓoye iya ɓoyewa, don taurin kai gare shi kamar me. Wata Laraba da hantsi kitse ya zuba a garwashi, wuta ta tashi, bai gan ta ba sai da ta kama hannun rigarsa. Obiora ne ya sheƙo da bokitin ruwa. Allah ya taƙaita, ƙuna kaɗan ce a damtse, amma a ranar wani ya kira ɗansa Muntaka a wayar hannu.

Kwana biyu bayan haka Muntaka ya iso kan mashin daga Ribah, inda yake noma. Mutumin kirki ne, ba ya ɗaga murya. Ya tsuguna gaban uban ya ce, "Baba, wuta ta isa haka. Ɗaki na nan na gyara maka. Yau za mu tafi."

Ya kamata in yi murna, ko ba haka ba? Wallahi na nemi murnar a cikina ban same ta ba. Na hango tsohon zaune kan benci, hannuwansa biyu bisa gwiwa, hannuwan da ban taɓa gani a zaune ba, sai tausayi da haushi suka kama ni. Kowa a tashar ya san in aka raba mutumin nan da wuta, ba zai ga damina biyu ba.

Can sai na ji muryarsa ta tsallako titi.

"Lawwali! Akwatin nan naka yana nan, ko ka sayar wa 'yan gwangwan?"

Na ce yana nan.

"Kawo shi. Muntaka, ka ba ni zuwa la'asar. In wuta ta taɓa ko zaren rigata, in hau mashin ba gardama. In kuwa ba ta taɓa ba, mu sake magana."

Muntaka ya dubi ƙasa, ya ce to.

Ni da Obiora muka kori kaji, muka wanke duron, muka ciccibo shi. Ina ajiyewa na ce, "Baba, wanga abu ba ya gasa nama, ni na gwada."

"Kai ne ba ka gasawa," in ji shi. "Sati uku ina nan zaune ina jin ka. Ƙiii, ka buɗe. Ƙiii, ka rufe. Mi kake nema ciki, ɗiyarka ta faɗa? Duk buɗewa guda, zafin da ka tara ya gudu, iska ta shiga ta hura wuta. Na so in tsallaka in gaya maka, sai na tuna ba ka jin magana."

Direbobi suka kwashe da dariya. Na haɗiye, don gaskiya ce.

Ya sa na zuba garwashi a gefe guda kawai, ɗaya gefen ba komai. Ya miƙa tafin hannu saman waya yana motsa leɓe yana ƙirgawa, ya janye, ya ce a rage. Aka rage. Ya sake miƙawa, ya ce madalla. Sannan ya laluba tire ya zaɓi tozo guda da manyan tsokoki uku na cinya, kowace kaurinta ya kai yatsa uku, irin waɗanda a buɗe sai bayansu ya zama gawayi cikinsu bai san an yi ba. Gishiri kawai ya shafa musu da ɗan mai. Ya ɗora su saitin garwashin a buɗe, suka yi ƙara, ya juya su da yatsu kamar wuta ba ta san shi ba. Kitsen tozo ya fara ɗiga, harshen wuta ya leƙo. Na ga Muntaka ya zabura. Kafin ya kai, Baba ya ture naman zuwa gefen da ba garwashi, ya ja murfi ya rufe. Wutar ta mutu nan take, hayaƙi ya fara fita siriri ta ƙofofin.

Ya jawo benci ya zauna, ya karkata kunne wajen duron.

"Yanzu ni da ku duk ɗaya," ya ce. "Ba mai ganin komi."

Kai, jama'a! Ban taɓa ganin zama irin wannan ba. Tasha na ta hayaniya, 'yan kabu-kabu na ta hon, shi kuwa kamar yana sauraron labarai a rediyo. Jim kaɗan ya ce, "Obiora, toshe ƙofa ɗaya, wuta ta yi gaggawa." Obiora ya cusa ƙyalle jiƙaƙƙe. Can kuma ya shaƙi hayaƙin ya ce, "Buɗe rabi." Ni kuwa hannuna ƙaiƙayi yake. Ban san lokacin da ya kai kan mariƙin murfin ba, sai jin mafici na yi a bayan hannu, tas!

"Na ji takunka tun daga can. Zauna ka saurara. Ka ji yadda yake faɗa da farko? Ruwa ne ke fita. Yanzu fa?"

Na kasa kunne. Ƙarar ta sauka, ta koma ɗis, ɗis, a hankali.

"Kitse ne ke narkewa yana komawa cikin nama. In ka buɗe yanzu ka cuce shi."

Sau ɗaya tak ya ɗaga murfin. Ya danna kowace tsoka da babban yatsa, ya juya su, ya musanya wa biyu wuri, ya rufe. Duka bai kai ka ce salamu alaikum a amsa ba. Mutane kuwa sun taru, har masu jiran motar Dirin Daji sun bar kujerunsu. Obiora sai zagaye duron yake yana washe baki, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi ya ƙera shi.

Ana gab da kiran la'asar Baba ya miƙe ya ce, "Ya yi." Ya buɗe. Ƙamshin da ya bugo ni, wallahi sai da na ji kunyar duk naman da na taɓa sayar wa bayin Allah. Ya kwashe a tire, ya hana kowa taɓawa, ya ce a bar shi ya huta. Sannan ya ɗaga hannayen rigarsa biyu wajen da yake jin ɗansa. Ko baƙin toka babu.

"Na gani, Baba," in ji Muntaka.

Baba ya jawo katako, ya laluba ya ɗauki wuƙarsa. Ya dafa tsoka ɗaya da hannun hagu, ya ɗaga wuƙar. Ni da ke kusa na ga abin da shi ba ya gani: bakin wuƙar saitin babban yatsansa yake. Muntaka ma ya gani. In ya ce a tsaya, ya kunyata ubansa gaban tasha. In ya yi shiru, jini ne.

Wuƙar ta tsaya a sama. Ta daɗe a tsaye. Murfi ya raba shi da harshen wuta, amma ba abin da zai raba shi da wannan, kuma na ga fuskarsa lokacin da ya gane. Mutumin da shekara talatin ko ɗan cikinsa bai taɓa yanka masa nama ba. A hankali ya sauke hannu, ya juya wuƙar, ya miƙo ƙotar wajena.

"Lawwali, yanka. Sirara-sirara, don na san hannunka nauyi gare shi."

Na karɓa. Wuƙar ta shige kamar cikin dafaffen rogo, romo ya biyo ta, ciki ya nuna har tsakiya. Na barbaɗa yaji, na miƙa wa Muntaka yankan farko. Ya tauna, ya kau da kai, ya share ido da gefen hula. Sannan ya dube ni.

"Kawu Lawwali, in na bar shi nan, za ka tsaya mishi? Kullum, ba yau kaɗai ba."

Tsayawa kullum na nufin in rufe teburina, in zama mai yankan wani. Na san haka sarai. Na ce zan tsaya.

"Ba tsaya mini zai yi ba," in ji Baba, yana goge yatsu a tsumma. "Koyo zai yi."

Ni da furfura a gemu, da 'ya'ya shida, gaban direbobin da suka sha yi mini dariya, na ce, "Na ji, Baba."