Lemun Koci Tanko

Daren jiya na yi wani mafarki, zan kuma faɗe shi yadda ya zo mini, ba ƙari ba ragi.

Amma ku fara jin damuwar da na kwanta da ita. Sunana Mudi, ni ne kocin Zakarun Gangare, ƙungiyar unguwarmu. Ranar Lahadi an zura wa golanmu Nafi'u ƙwallo biyu kafin a tafi hutun rabin lokaci. Filinmu ba shi da ɗakin 'yan wasa, gindin darbejiya muke zama, saboda haka da an hura usur sai 'yan kallo su yi mana zobe, kowa ya zama koci. Na buɗe baki in yi wa Nafi'u magana, wallahi ko ni ban ji abin da na ce ba. Da aka tashi ya zo ya rataye safar hannunsa a kan babur ɗina, ya ce shi da ƙwallo har abada. Yau da yamma muna da wasa, safar kuwa tana rataye a ƙusa a ɗakina.

To, a mafarkin sai ga ni a ƙofar wani gari da ake kira Hutun Rabin Lokaci. Wata akuya ce ke gadin ƙofar.

"Nawa ake cin ku?" in ji ta.

"Biyu da nema."

"Shiga. Waɗanda ake ci ne ke zama a nan, masu ci wucewa suke yi."

Ta karɓi tikitina ta cinye, ta ce in adana shi da kyau don za a tambaye ni a wajen fita.

Ruwa ake yi a garin, daga ƙasa yake tasowa ya tafi sama, don haka mutane sun juya lemarsu suna tsaye a ciki. Turakun raga sun tafi salla, sun bar ragar tana jiransu. Ƙwallo na zaune a bencin mai shayi, kanta ɗaure da tsumma. Ta dube ni ta ce, "Kai ne Mudi? Ka gaya wa 'yan bayanka ni ma 'yar mutane ce." Na ba ta haƙuri na wuce.

Sai ga ni a gindin darbejiyarmu. Unguwa kaf tana wurin, har da waɗanda suka yi ƙaura tuntuni. 'Yan wasana suna zaune a tsakiya, amma ban ga Nafi'u ba sai da na sunkuya. Ashe ya ƙanƙance ya shige cikin safar hannunsa, kansa kawai ke leƙowa. Duk lokacin da wani ya ce "a cire shi", sai ya ƙara nutsewa. Rafalin raƙumi ne, ya haɗiye usur, usur ɗin kuma yana hawowa cikin dogon wuyansa a hankali, kowa na ganin tudunsa. Wani ya raɗa mini cewa idan usur ɗin ya iso baki aka hura shi alhali Nafi'u bai fito ba, za a naɗe safar da shi a ciki a kai gwanjo.

Alhaji Bawa mai tayoyi, shugaban magoya bayanmu, shi ke da bakin magana. "Koci ba tsawa ai ba koci ba ne. Ya ɗaga murya, ya yi jifa da gorar ruwa, yara su san da mutum a wurin."

"Haba Alhaji," in ji Isuhu direba, wanda bai taɓa yarda da Alhaji Bawa a kan komai ba. "Yaran yanzu lallashi suke so. Ka dafa kafaɗa, ka tambayi lafiyar gida."

"Lafiyar gida ana cin ka biyu?"

"To tsawar ce za ta farke?"

"A cire golan kawai," in ji wani daga kan reshe.

Kowace kalma ta fito daga bakinsu sai ta faɗo ƙasa ta zama zabuwa, ta ruga tana kuka. Kafin ka ce me, zabi sun cika gindin bishiyar. Na durƙusa na ce, "Nafi'u, saurara." Tawa maganar sai ta fito kiyashi, ta kama hanya a jere za ta wurinsa. Zabin suka tsince ta tas.

Sai ga ni a ofis, a daidai tsakiyar fili. Wani bunsuru mai tabarau yana zaune a bayan tebur yana taunar tutar kwana.

"Ranka ya daɗe, so nake a ba ni dama in yi wa 'yan wasana magana."

"Bi layi."

"Ai ni ne kocin."

"Shi ya sa. Koci ne na ƙarshe, kai ma ka san tsari."

Na bi layin. Ya fita gari, ya haye gada, ya zagayo ta bayan maƙabarta. Mutumin da ke gabana ya ce shi kaji ya kawo kasuwa, bai taɓa kallon ƙwallo ba, amma yana da 'yar shawara. Na waiwaya na hangi raƙumin, usur ya wuce rabin wuya. Ni kuwa ina son Nafi'u, kuma na san ba duk laifin hannunsa ba ne.

Nan na ji ƙamshin ɓawon lemu. Na juya, sai ga Koci Tanko zaune a kan kekensa da aka kwantar, babban daro a gabansa, reza a hannu. Shi ya koya mini ƙwallo tun ina buga ta ba takalmi, kuma ya daɗe da rasuwa. Ban yi mamaki ba, shi ma bai yi ba. Yana fere lemu irin ferewarsa, ɓawon na sauka dogo bai tsinke ba, sannan ya yanke ɗan saman don a ji daɗin tsotsa.

"Mudi, har yanzu da ƙafar hagu kake tsayawa."

"Koci, ka cece ni. A zamaninka in aka zo hutu, gindin bishiyar nan tsit yake yi. Ni ba ni da irin kwarjininka."

Ya yi dariya har rezar ta kusa faɗuwa. "Kwarjini? Ni da ko akuyar gidana ba ta jin maganata? Ku sha ɗaya ne a fili. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa nake ɗauko daro guda a keke?"

Shekara da shekaru ina shan lemun nan, ban taɓa tambaya ba.

"Ɗauki daron," in ji shi. "Ka fara da wanda ya fi son ƙungiyar, shi ya fi surutu. Da hannu biyu za ka miƙa masa, kar ka kuskura ka ce ya yi shiru."

Sai ga mu a gindin darbejiya. Na miƙa wa Alhaji Bawa lemu da hannu biyu, na ce, "Alhaji, a jiƙa maƙoshi." Ya ce, "Madalla, amma dai koci ba tsa..." sai ya kai lemun baki. Na ba Isuhu direba. Na jefa wa na kan reshe, na ba mai kaji, na ba bunsuru. Daron bai ragu ba. Zabin suka tsaya cak, sannan ruwan ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ya yi sama da su. Babu abin da ake ji sai tsotso, da tofar da 'ya'yan lemu.

Na kwanta rub-da-ciki, na sa bakina a bakin safar. Da ƙyar nake ganin idonsa.

"Nafi'u, ni na sa ka a raga, kuma ban cire ka ba. Ta farko laifin 'yan baya ce. Ta biyu taka ce, ta wuce. Fito."

"Ko an ƙara ta uku?" in ji shi, da 'yar murya.

"Ko an ƙara ta uku, kai ne golana."

Ya fito da hannu ɗaya, sannan kafaɗa, yana miƙewa yana girma har ya fi ni tsawo kamar yadda yake. Ya ɗauki safar ya kakkaɓe ta ya sa. Daɗi ya kama ni, na gyara tsayuwa zan shiga bayanin yadda za a tare gefen dama da yadda za a riƙa fita da ƙwallo. Sai na ji an cusa mini lemu a baki.

"Wannan naka ne," in ji Koci Tanko. "Ka gama."

Ya ɗaga kekensa ya ɗaure daron a baya. Na cire lemun na ce, "Koci, na gode. Da lemun da na sha, da wanda ban san don ni aka raba ba, duk na gode. Allah ya kai haske kabarinka."

"Amin. Ka sayi mai ruwa, ban da mai tsami. Mai tsami surutu yake ƙara musu."

Ya hau ya tafi, ruwa na tasowa ta ƙarƙashin tayoyinsa. Turakun raga suka dawo suna gyara hula. Usur ya iso bakin raƙumin, ya kumbura kumatu ya hura, sai ƙara ta fito ƙiiƙ, ƙiiƙ, ƙiiƙ.

Kurar mai ruwa ce ke wucewa ta bayan tagata, tayarta ba mai. Gari ya waye. Na tashi na zare safar daga ƙusa na sa a aljihu, don gidan su Nafi'u yana kan hanyar kasuwa. Na tambayi matata Hajara ina babban daronta.

"Me za ka yi da shi?"

"Lemu zan sayo na wasan yau."

"'Yan wasa sha ɗaya ne za su shanye daro guda?"

Na ce mata ba nasu ba ne, ta dai ara mini reza.